Ƙafafun Mai Takaba

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Bushira matar Chindo ta sake zuwa gaisuwa. Ta zauna a bakin tabarma, ta yi min ya haƙuri, ta sha ruwa. Sai da ta miƙe tana gyara mayafi ta ce 'yan burtali, masu sasanta manoma da makiyaya, za su fita farkon Disamba, kafin a saki gonaki. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin tumatir ya yi araha. Ni kuwa sai da na dafa bango.

Tafiyar nan da ni aka fara ta, tun ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Daga bayan Ƙonni a kama hanyar shanu, a bar hayaƙin masana'antar simintin Malbaza a hannun dama, a haura Tajaye, a sauka kasuwar Illela. A ƙafa, domin daga cikin mota ba a ganin inda gona ta ci burtali. Chindo shi ne jagora. Shi da mutanensa su zauna da maza a gindin itace, a sha shayi, kowa ya rantse bai shuka komai a hanyar dabbobi ba. Ni kuma in shiga cikin gida, in tarar da tsohuwar da yakuwarta da kuɓewarta suke tsakiyar burtali, don ba wanda ya taɓa nuna mata inda iyaka take. In ta tsince kayanta kafin garke ya sauko, an tsira. In ba ta tsince ba, saniya ta ci, ɗanta ya ɗauko sanda, sauran labarin jandarma ke ƙarasa shi.

Shekara bakwai rabona da hanyar. Uku don maigidana ya ce a'a. Huɗu don ciwo ya kwantar da shi, ba ya iya cewa komai, sai dai ya buga cokali a kwano in zo.

Takabata za ta fita Juma'ar farko ta Disamba. Na ce wa Bushira a hankali ta gaya wa mijinta ya sa ni cikin masu tafiya. Ta dubi ƙafafuna.

Talata, bayan la'asar

Ni ma na dube su. Laushi kamar tuwon shinkafa. Da can ƙaya sai ta yi shawara kafin ta shige ni.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan asuba

Na fara. Daga ƙofar madafa zuwa randa, in zagaya dogon yaro, in bi gefen bango, in dawo madafa. Ba takalmi. Iyakar duniyar da aka bar min ke nan, to zan taka ta har ta gaji da ni.

Yaya Kande ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu. Yayar marigayi ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta taso tun daga Tajaye don ta zauna takaba da ni, wato ta tsare ni. Ita ke hana ni kwalli, ita ke hana ni ɗaga murya, ita ta ba ni 'yar wuƙar da zan riƙa shiga bayi da ita. Na duba littattafan fiƙihun da ke gidan nan kaf, ban ga wuƙa ba. Na riƙe dai. Faɗan wuƙa ba shi ne nawa ba.

Ta ce, "Shatu, mi kika yar da kike biɗa?"

Na ce, "Ba komai, Yaya. Zaman ne ya ishe ni."

Ba zan gaya mata ba. Mai takaba tana shirin tafiya, kuma tafiyar da ƙanenta ya hana? Kafin azahar dangi sun cika zaure.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da asuba

Ba a buga kwano ba. Na farka duk da haka, har na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai na tuna, na koma na ja bargo.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Na sa barkono a miya yadda nake so. Na ci har hancina ya zuba. Yaya Kande ta ga ina share ido, ta ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa.

Da yamma na karanta littafi tun daga farko har tsakiya ba wanda ya kira ni. A ciki akwai wata mata da mijinta ya mutu, marubucin ya sa ta tana rungume rigarsa shafi bayan shafi. Namiji ne ya rubuta, ba sai an gaya min ba.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Na ƙara bido, wato jarka. Rabin ruwa, a ka, don a hanya kowa ke ɗaukar ruwansa. Cinyoyina suna zagina. Diddigen hagu ya fara tauri, na shafa shi ina murna kamar wadda ta ga haƙorin jika.

Sawuna ya fara fitar da hanya a tsakar gida, zagaye, kamar inda raƙumin ban ruwa yake juyawa.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina.

Matan unguwa sun shigo ina cikin zagaye da bido. Suka tsaya cirko-cirko. Ɗaya ta rufe baki da mayafi, ɗaya ta fashe da kuka. Ashe Yaya Kande ta bi gida gida ta ce tun da ƙanenta ya rasu ban dawo daidai ba, ruwan da nake kai masa ne nake ta ɗauka ina neman inda yake.

Ruwan da nake kai masa!

Wata ta ce, "Allah sarki so. Yanzu ina ake samun irin wagga mace?" Wata ta ce za ta turo 'yarta amarya ta zo ta gan ni, ta koyi zaman aure.

Na sauke bidon na zauna, na sunkuyar da kai yadda ake so. Shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yansu karatu ba wadda ta zo ta yaba min. Yau da suka ɗauka na haukace saboda namiji, na zama abin koyi.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da safe

Zagaye. Bido.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan sauka daga masallaci

An kawo Liman. Ya tsaya daga zaure, ni ina bayan labule, Yaya Kande a tsakani kamar 'yar kwastan.

Ya ce, "Madam, an ce ba ki zama wuri guda."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a wane babi aka hana mai takaba taka tsakar gidanta?"

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ba a hana ba. Amma babin bido ne ban kai gare shi ba tukuna."

Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya yi addu'a mai kyau ga mamaci da mu da muka rage, na ce amin da gaske, domin ban taɓa roƙa masa wuta ba, ko a ranar da ta fi kowace. Ya bar rubutu a kwalba. Na sha, sunan Allah ne, ba ya ɓata ciki.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da yamma

Mahfuz ya zo daga Malbaza, autana, da farin siminti har cikin gashin ido. Ya ga hanyar da na fitar a ƙasa, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Inna, da kin fita takaba ki taho wurinmu. Surukarki Nabila ta gyara miki ɗaki, har da fanka. Ba abin da za ki taɓa, sai hutu."

Na ce, "Hutu daga me?"

Ya ce, "Daga komai."

Yaron nan yana sona, na sani. Amma ɗaki da fanka da ƙofa, ina jin kamiyon siminti yana wucewa zuwa inda ba za ni ba? Na taɓa zama a irin ɗakin nan. Wancan ma don a hutar da ni aka ce.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin ubansa, bai shiga ba. Yana aji nawa a lokacin? Ban san abin da ya ji ba. Ban taɓa tambaya ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Bushira ta dawo. Wannan karon ba ta sha ruwa ba.

Ta ce, "Madam, maigidan ya ce in gaishe ki ƙwarai. Ya ce bana ki huta."

Na ce, "Ƙafata ce?"

Ta ce, "A'a." Ta dubi dogon yaro, ta dubi bidon. "Magana ta kai kasuwa. An ce ba ki cikin hayyacinki. Ya ce ba zai ɗauki amanar mara lafiya zuwa daji ba, in wani abu ya same ki me zai ce wa 'ya'yanki?"

Na ce wa zai shiga wurin mata? Ta ce ba su samu kowa ba, za su tafi haka nan, kamar bara da bara waccan. Bara waccan ce aka sari wani makiyayi a kan kuɓewa, ita da bakinta ta ba ni labari.

Yaya Kande tana zaune tana tsince wake. Ban san ko ta ji ba. Bushira ta iya raɗa.

Talata, bayan azahar

Abin da na yi don in tafi, shi ya hana ni tafiya. In wani ya rubuta haka a littafi, cewa zan yi ya cika ƙarya.

Maganin abu ɗaya ne: in buɗe baki in ce jama'a, ba baƙin ciki nake ba. To wace mace ce ta taɓa faɗin haka ta zauna lafiya a unguwa? Mamaci ba a tona shi. Sun yarda in haukace, wannan ba abin kunya ba ne. Lafiyata ce abin kunya.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da safe

Ban zagaya ba. Bari in zauna kamar mai hankali, ko labari zai canza.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da safe

Ban zagaya ba. Yaya Kande ta gaya wa mai kawo nono cewa rubutun Liman ya fara aiki, amma irin wannan ciwo lafawa yake ya dawo.

In na taka, mahaukaciya. In na zauna, mahaukaciyar da ta lafa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, bayan asuba

Na cika bidon har baki. Su ce abin da za su ce.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da hantsi

Wannan sai na rubuta shi.

An yi sanyi da safen nan. In an yi sanyi wuyan hannuna na hagu yakan tuna. Na kai hannu zan gyara bido, ya ƙi riƙewa, bidon ya faɗi ya fashe, ruwa ya malale hanyata duka. Na tsuguna a cikin caɓi, na riƙe hannun.

Yaya Kande ta zo da gudunta na tsofaffi. Ta kama hannun, ta juya shi, ta sa babban yatsa daidai inda ƙashin ya haɗu a karkace. Ba ta yi lalube ba. Ta san wurin.

Ta ce, "Bari kuka, Shatu. Ya riga ya tahi, ruwanki ba su kai mishi."

Ban san lokacin da ya fito ba. Na ce, "Yaya, ba shi nake kai wa ruwa ba. Ƙafa nake gyarawa. Burtali za ni. Kuma tun da aka fita da shi daga gidan nan nake barci."

Na jira ta yi salati. Na jira ta kira dangi.

Ta daɗe tana riƙe da hannun. Sannan ta ce, "Ranar da kika dawo Tajaye ne. Ni na kai ki wurin maɗori. Ni na ce mishi santsi ya kwashe ki bakin rijiya."

Na ce, "Haka kika ce."

Ta ce, "Da rani. Rijiyar da ko guga ba ta jiƙawa." Ta saki hannuna, ta goge nata a zane. "Ƙanena ne, ni na goye shi, na san abin da na goya. Tashi ki sauya zane, kin zauna cikin laka kamar agwagwa."

Shi ke nan. Ba mu ƙara ba. Ta dafa shayi ta sa min citta da yawa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da rana

Ta yafa mayafi tun da safe ta fita, ba ta ce ina za ta ba. Ni kaɗai a gida. Na buɗe tagar ɗakinsa, iska ta shiga. Kwanon nan na ba almuru, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ta kan katanga. Ban karɓi komai ba.

Litinin, 1 ga Disamba, bayan la'asar

Chindo ya zo da kansa. Ya yi sallama daga zaure, muryarsa ta tsufa.

Ya ce, "Madam, jiya wata tsohuwa ta tare ni gaban mutane a tashar Illela, ta kusa cire min hula."

Yaya Kande daga bayana ta ce, "Kaɗan na yi maka."

Ya ce, "Ta ce ita ta haukata ki da bakinta, ita za ta warkar da ke da bakinta. Ta ce mahaukaciya ba ta sauraron rediyo tana gyara wa mai labarai Faransanci."

Na ce, "Kuskure yake yi, Malam Chindo."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya gyara murya. Ya ce hanya ba kamar da ba ce, akwai wuraren da yanzu ba a kwana, sai an shiga gari kafin rana ta faɗi, saboda haka tafiyar ta fi da sauri. Ya ce ba a jiran kowa. Wanda ya gaza, amalanke zai hau a mai da shi bakin kwalta.

Na ce, "Wanda ya gaza. Ka gaya wa mazanka."

Ya ce, "Litinin mai zuwa, bayan asuba, bakin kasuwar dabbobi."

Da ya tafi na shiga madafa na rufe ƙofa. A nan ne na yi kukan da unguwa take ta jira tun damina, kuma ba wanda ya gani.

Laraba, 3 ga Disamba, da safe

Sabon bido. Yaya Kande ta zauna a kan turmi tana yi min tsiya. "Ɗaga ƙahwa, matar ƙanena! Haka za ki bi shanu, kamar mai tsohon ciki?" Maƙwabciya ta leƙo ta katanga, Yaya Kande ta ce mata, "Mi kike kallo? Motsa jini ne, likita ya ce." Wane likita, oho.

Juma'a, 5 ga Disamba, da yamma

Na fita.

An yi wanka, an yi kitso, an yi sadakar waina, na sa atamfa mai launi har idona yana ƙyalli. Na mayar wa Yaya Kande wuƙarta, ta ce in riƙe, a daji tana da amfani.

Mai lalle ta zo da zane-zanenta a waya, furanni da ganye, irin wanda ake yi wa bazawara don a san ta fito. Yaya Kande ta ture wayar. Ta kwaɓa lalle da kanta, mai kauri, ta damɓara min a tafin ƙafa da diddige har gefe, ta ɗaure da leda da tsumma. Ta ce haka matan Tajaye suke yi kafin girbi, fata ta yi tauri. Mata suna ta kallo. Wata ta ce wannan ai ba kwalliya ba ce. Yaya Kande ta ce, "Wa ya ce miki biki za ta?"

Mahfuz ya zo da motar abokinsa don ya kwashi kayana. Na kira shi ɗaki na gaya masa da bakina. Ya ce hanya ba lafiya. Na ce gaskiya ne, ni ma ina jin tsoro. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce sun riga sun ƙare ta. Ya zauna a bakin gado yana juya makullin mota.

Can ya ce, "Baba bai so tafiyar nan ba."

Na ce, "Bai so ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannuna na hagu, ya kau da kai. Ashe ya ji. Ya fita bai yi sallama ba, motar ta tafi ba kaya.

Lahadi, 7 ga Disamba, bayan azahar

Wani direban kamiyo ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo leda, ya ce daga Malbaza. Takalmin tafiya ne mai igiya, da safa. Ya yi min yawa kaɗan. Ba saƙo.

Litinin, 8 ga Disamba, da la'asar, wani ƙauye arewa da Ƙonni

Ni ce ta ƙarshe tun hantsi. Ta ƙarshe! Har wani mai tumbi da ake ce wa Tanimun ya wuce ni yana cin gyaɗa. Diddigen dama ya yi ruwa. Chindo ya waiwayo sau ɗaya ya nuna min wata amalanke da haɓa, na nuna masa abin da ya sa bai sake waiwayowa ba.

Gonaki sun zama kara, sama ta buɗe, ba bango ko ta ina. Na manta ido yana iya tafiya nesa haka.

Da muka iso, maza suka nufi gindin itace, ni na shiga cikin gida. Ga tsohuwa nan, ga yakuwarta jawur tsakiyar hanyar shanu, ba ta tsinka ba. Na ce mata garke na tafe. Ta ce kakanta ya share wurin nan, saniyar da ta isa ta zo. Muka yi ta yi, ta zage ni, na rama cikin ladabi, jikokinta suna dariya. Yanzu haka suna can da kwanduna suna tsinka, ita kuma ta aiko min da fura, ta ce a gaya wa mai bakin nan ta sha.

Ina cikin sha waya ta yi ƙara. Mahfuz.

Ya ce, "Inna, takalmin ya yi?"

Na ce, "Ya yi. Allah ya yi maka albarka."

Ina jin injin masana'anta a bayansa. Sannan ya ce, "To yaushe za ki dawo?"

Na buɗe baki zan ba da rana da lokaci da dalili, yadda na saba. Sai na ji ba tuhuma a muryarsa, tambaya ce kawai.

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Ya ce, "To. A sauka lafiya."